Al'adar haɗa kifi da giyar inabi a ƙasar Faransa

A yankunan gaɓar tekun Faransa kusan kowane irin kifi yana da giyar inabin da aka saba sha idan ana cinsa. Al'adar ta samo asali ne daga maƙwabtakar masunta da manoman inabi, amma a halin da ake ciki yanzu cututtuka da ɗumamar yanayi da kuma raguwar masu shan giya sun sanya ɓangarorin biyu cikin hali na tsaka mai wuya.

A watan Nuwamban shekara ta 2010, a wani taron da ta gudanar a birnin Nairobi na ƙasar Kenya, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shigar da liyafar cin abinci ta Faransawa cikin jerin al'adun gargajiyar da ya kamata a adana. Daga cikin abubuwan da hukumar ta ambata akwai zaɓen kayan girki daga yankin da ake zaune, da jeranta abinci ɗaya bayan ɗaya, da kuma daidaita kowane abinci da giyar inabin da ta dace da shi. Ga akasarin Hausawa, waɗanda addini ya haramta musu barasa, wannan magana ta ƙarshe ka iya zama tamkar wani tsirfa ne na masu hannu da shuni. Amma fa a bayanta akwai rayuwar dubban iyalai na masunta da masu kiwon kawa da manoman inabi. Kazalika akwai wani ilimi na sinadarai da duk macen da ta taɓa wanke kifi da lemun tsami ta san shi a aikace.

Ƙa'idar da kowa ya haddace a nahiyar Turai ita ce farar giya da kifi, jar giya da nama. Ta yi ƙarfi ta yadda har ta zama ma'aunin wayewa. A fim ɗin James Bond na shekara ta 1963 mai suna From Russia with Love, wani makashi da ya yi shigar burtu a matsayin jami'in leƙen asirin Birtaniya ya nemi a kawo masa jar giyar Italiya alhali kuwa kifi yake ci a cikin jirgin ƙasa, kuma daga baya Bond ya zargi kansa da rashin gane shi tun daga nan. To sai dai wanda ya zaga yankunan Faransa zai tarar cewa su kansu masu al'adar ba su bin ƙa'idar sau da ƙafa.

Daga ina ƙarni yake fitowa?

Kifin teku yana ɗauke da wani sinadari a cikin tsokarsa wanda ke taimaka masa jure wa gishirin ruwa. Da zarar ya mutu sai ƙwayoyin halitta su fara mayar da wannan sinadari zuwa wani da ake kira tirimetilamin, wanda ke tashi a iska ya shiga hanci. Shi ne ƙarnin da ake ji a kasuwar kifi. Idan ya gamu da abu mai tsami sai ya rikiɗe ya zama wani nau'in gishiri da ba ya tashi a iska, hanci kuma ya daina jin sa. Kifin ruwan daɗi irin su tarwaɗa da ƙarfasa ba shi da wannan sinadari da yawa. Abin da ke damun mai cinsa shi ne warin laka, wanda ke fitowa daga wani sinadari dabam mai suna jiyosmin, shi ma kuma tsami yana rushe shi. Ta haka lemun tsami ko tsamiya ke yin aiki ɗaya a Yawuri da kuma Marseille. Farar giyar inabi, musamman ta yankunan da ke da sanyi, tana da tsami sosai, saboda haka a bakin mai sha tana yin abin da matsin lemu ke yi a kan kifi. Har ila yau tsamin yana wanke maiƙon da ke manne wa harshe.

Ita kuwa jar giya matsalarta iri biyu ce. Da farko ana barin ruwan inabin ya tsumu tare da ɓawonsa da ƙwayayensa, inda yake ɗaukar launi da kuma bauri, irin baurin da ake ji a goro ko a shayin da ya daɗe a kan wuta. Nama mai kitse yana iya ɗaukar wannan bauri, amma farar tsokar kifi mai laushi sai ya danne ta baki ɗaya. An daɗe ana zaton iyakar matsalar ke nan, har zuwa shekara ta 2009 lokacin da wasu masu bincike na kamfanin giya na Mercian a ƙasar Japan, ƙarƙashin jagorancin Takayuki Tamura, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi. Sun ɗanɗana giya sama da iri 60 tare da wani dangin kawa busasshe, suka gano cewa duk giyar da sinadarin ƙarfe ya haura kimanin miligiram 2 a cikin kowace lita tana barin mummunan ƙarni a baki. Da suka ƙara ƙarfen sai ƙarnin ya ƙaru, da suka sanya wani sinadari mai ɗaure shi sai ya ɓace. Dalili kuwa shi ne ƙarfen yana hanzarta ruɓewar man kifi nan take a cikin baki. Yawan ƙarfen da ke cikin giya ya danganta ne da ƙasar da aka shuka inabin, da ƙurar da ta hau shi, da kayan aikin da aka matse shi da su. Wato dai launi alama ce kawai, kuma akwai jar giyar da ba ta da wannan aibi.

Bakin kogin Loire

Babu inda wannan haɗi ya yi suna kamar kewayen birnin Nantes, inda kogin Loire ke kwarara cikin tekun Atlantika. A nan ne ake yin farar giyar Muscadet, kuma daga nan ba nisa zuwa gaɓar da ake kiwon kawa, wato halittar nan ta ruwa mai ɓawo biyu wadda Faransawa ke buɗewa da wuƙa su haɗiye ta ɗanya da ranta, wani lokaci da ɗigon lemun tsami kawai.

Ba don kawa aka fara noman wannan inabi ba. A ƙarni na 17 'yan kasuwar Holan da suka mamaye cinikin tashar jiragen ruwan Nantes suna neman farar giya mai arha wadda za su tace ta zama barasa mai ƙarfi, don haka suka ƙarfafa wa manoma guiwar shuka farin inabi. Sannan sai matsanancin hunturun shekara ta 1709 ya zo ya hallaka akasarin gonakin yankin. Irin da ya fi jure wa sanyin shi ne wanda ake kira Melon, wanda asalinsa daga lardin Bourgogne ne, kuma shi manoma suka runguma bayan bala'in. Inabi ne da ba shi da wani ƙamshi na a zo a gani, kuma da daɗewa ana ɗaukar wannan a matsayin naƙasa. Amma a gaban ɗanyar kawa, wadda ɗanɗanonta bai wuce na ruwan teku da ɗan zaƙi ba, rashin ƙamshin ya zama alheri, domin giya mai ƙamshin furanni ko na gangar katako za ta binne ɗanɗanon kawar ne gaba ɗaya.

Manoman yankin suna da wata dabara ta barin giyar ta kwana tsawon hunturu a kan matattun ƙwayoyin yis da suka kwanta a gindin tanki bayan tsumuwa, ba tare da an tace ta ba sai da bazara. Su dai abin da suka lura da shi shi ne giyar takan fi cika baki. Bayanin da ya dace da haka ya fito ne a shekara ta 2020 daga jami'ar Copenhagen ta ƙasar Danmark, inda Ole Mouritsen da abokan aikinsa suka yi nazarin dalilin da ya sa kawa ke tafiya da giyar Champagne, wadda ita ma ake bari ta daɗe a kan yis. Sun gano cewa matattun ƙwayoyin suna sakin sinadarin gulutamet, wanda shi ne ke bai wa daddawa da dunƙulen miya ɗanɗanonsu, ita kuma tsokar kawa tana ɗauke da wasu sinadarai da ke ninka ƙarfin wannan ɗanɗano idan suka haɗu a kan harshe. Duk wanda ya san bambancin miyar da aka sa wa daddawa kaɗai da wadda aka haɗa wa daddawa da busasshen kifi ya fahimci maganar.

Yankin na Nantes yana da kifin kogi ma, kuma ana cinsa ne da wani romo na man shanu da ƙananan albasa da ruwan khal ko ita Muscadet ɗin kanta, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga wata mai dafa abinci, Clémence Lefeuvre, a ƙarshen ƙarni na 19. A nan giyar ta shiga tukunya tun kafin ta hau tebur.

Tatsuniyar Chablis

Akwai kuma wata farar giya da ta yi suna wajen cin kawa ko da yake garin da ake yin ta, Chablis, yana da nisan kimanin kilomita 300 daga teku. Masu tallarta suna son nuna wa baƙi duwatsun gonakinsu, waɗanda ke cike da ƙananan ɓawon kawa da suka daskare tun shekaru kimanin miliyan 150 da suka wuce, lokacin da teku ke rufe da wurin. Ɓawon yana nan, babu tantama. Sai dai masana ilimin duwatsu, ciki har da Alex Maltman na jami'ar Aberystwyth a Birtaniya, sun sha bayyana cewa babu wata hanya da jijiyar inabi za ta ɗauko ɗanɗanon dutse ta kai shi cikin kwalba. Labari ne mai daɗin ji da ke taimaka wa ciniki.

Dalilin da ya fi kama hankali shi ne sanyin yankin, wanda ke barin inabi da tsaminsa, sai kuma kasuwar birnin Paris. Tun zamanin da 'yan zuhudun Katolika na Pontigny suka bunƙasa gonakin a ƙarni na 12 ake ɗora giyar yankin a jiragen ruwa ta kogin Yonne zuwa babban birnin. Shi kuma kifi yana isowa Paris ne daga gaɓar arewa a kekunan doki da ke gudu dare da rana. Cocin Katolika ya hana cin nama a ranakun Juma'a da kuma lokacin azumin kwana 40 kafin bikin Ista, saboda haka kifi ya zama wajibi har a fadar sarki. A watan Afrilun shekara ta 1671 François Vatel, wanda aka ɗora wa alhakin shirya liyafar Juma'a domin Sarki Louis na 14 a fadar Chantilly, ya kashe kansa da takobi saboda ya zaci kifin da ya yi oda ba zai iso ba. Jim kaɗan bayan haka kekunan suka shigo. A kan teburan Paris irin waɗannan ne kifin arewa da giyar Chablis suka saba da juna.

A kudu, a gaɓar Bahar Rum, lamarin ya fi sauƙin bayani. Abincin da birnin Marseille ya shahara da shi shi ne bouillabaisse, farfesun da masunta ke yi a da da ragowar kifin da bai sami mai saye ba, da tafarnuwa da man zaitun da za'afaran. A shekara ta 1980 wasu masu gidajen abinci suka rattaba hannu kan wata yarjejeniya da ta ce dole a sa aƙalla kifi iri 4 daga cikin waɗanda aka sani, a kuma yanka su a gaban baƙo, domin jabu ya yi yawa. A yau kwano ɗaya yakan haura Euro 50. Giyar da ake sha da shi ta garin Cassis ce, mai tazarar kimanin kilomita 20, wanda gonakinsa ba su fi hekta 200 da 'yan kai ba, kuma yana cikin yankunan farko da gwamnati ta bai wa kariyar suna a shekara ta 1936. Farar giyar Cassis ba ta kai Muscadet tsami ba, amma ta fi ta kauri, kuma hakan ake buƙata a gaban tafarnuwa.

Inda ake karya ƙa'idar

A yankin Bordeaux akwai wani kifi mai kama da maciji, marar muƙamuƙi, da ake kira lamproie, wanda ke haurowa daga teku zuwa kogunan Garonne da Dordogne a ƙarshen hunturu domin ya yi ƙwai. Ana dafa shi ne a cikin jar giya tare da jininsa da wata albasa mai dogon ganye, a kuma sha jar giyar da shi. Babu wanda ke ganin haka a matsayin rashin wayewa. Tsokarsa mai kauri ce da maiƙo kamar nama, kuma dogon dahuwa yana kashe baurin.

Haka abin yake idan aka tsallaka kudu zuwa lardin Galisiya na ƙasar Spain. A bakin teku mutane suna cin kawa da ƙaguwa da farar giyar Albariño. Amma abincin da lardin ya fi alfahari da shi, wato dabbar tekun nan mai hannuwa takwas da ake dafawa a tukunyar tagulla a barbaɗa mata jan barkono, ya yi suna ne a kasuwannin ƙauyukan da ke nesa da teku, inda a da ake kai ta a bushe, kuma a can da jar giya ake cin ta, domin ita ce manoman wurin ke da ita. Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne mutane sun sha abin da ke kusa da su ne, masu girki kuma suka riƙa gyara tukunya har ta dace da shi. Masu rubuta littattafan ladubban cin abinci daga baya suka zo suka mayar da sabo ya zama doka. Wani abin lura kuma shi ne, yawancin dabbar mai hannuwa takwas da ake ci a Galisiya a yanzu daga ruwan Maroko da Muritaniya ake kamo ta.

Barazana daga teku da kuma tudu

Matsalar ita ce maƙwabtakar da ta haifi al'adar tana girgiza ta kowane ɓangare. Kawar da ake ci a Faransa a yau ma ba 'yar asalin ƙasar ba ce. A farkon shekarun 1970 wata cuta ta share nau'in da ake kiwo a lokacin, aka shigo da wani daga Japan da Kanada domin a farfaɗo da sana'ar. Masu kiwon ba su manta da wannan ba, domin bayan igiyar ruwan tsunami ta shekara ta 2011 sun tara kayan aiki sun aika wa takwarorinsu na arewa maso gabashin Japan. Daga shekara ta 2008 kuma wata ƙwayar cuta da ke tsananta idan ruwa ya yi ɗumi ta riƙa kashe 'ya'yan kawa, abin da ya sa yawan da ake samu a shekara ya faɗo daga sama da tan 100,000 zuwa kimanin tan 80,000 cikin 'yan shekaru. A bazarar shekara ta 2018 zafi ya ƙarar da iskar shaƙa a tafkin ruwan gishiri na Thau da ke kudu, ɗimbin kawa suka mutu. A ƙarshen watan Disamban 2023 hukumomi sun hana sayar da kawar Arcachon, kusa da Bordeaux, bayan da ruwan sama mai yawa ya kwararo da ƙazanta cikin teku mutane suka kamu da ciwon ciki. Haramcin ya faɗo ne ana sauran 'yan kwanaki bikin sabuwar shekara, alhali kuwa kusan rabin cinikin shekara a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara ake yin sa.

Shi ma kifin lamproie ya yi ƙaranci, har wata kotu a Bordeaux ta dakatar da kamunsa a shekara ta 2023. Madatsun ruwa suna tare masa hanya, sannan akwai wata ƙatuwar tarwaɗa da aka shigo da ita kogunan yankin, wadda tsawonta kan haura mita 2. Wani binciken da aka wallafa a shekara ta 2020 ya nuna cewa kashi 80 cikin 100 na kifayen da aka maƙala wa na'urar bin sawu an cinye su cikin wata guda.

A kan tudu kuwa zafi yana cin tsamin inabi yana ƙara masa sukari, wanda ke komawa barasa, ga shi kuma tsamin ne jarin farar giyar da ake sha da kifi. Garin Beaune na lardin Bourgogne yana da rubutaccen tarihin ranakun girbin inabi tun daga shekara ta 1354, kuma masu binciken da suka bi shi sun tarar cewa daga 1988 zuwa yau ana girbi ne da wuri da kimanin kwana 13 idan aka kwatanta da ƙarnonin baya. Saurin tohowar kuma yana jefa inabin cikin hatsarin sanyin watan Afrilu, kamar yadda ya faru a 2021. Gonakin Muscadet, waɗanda suka kai kimanin hekta 13,000 a shekarun 1990, sun ragu da kusan rabi.

Sannan su kansu Faransawa sun rage sha. A shekara ta 1960 abin da ke faɗa wa kowane mutum ya haura lita 120 a shekara, a yanzu kuwa yana wajen lita 40. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai kula da harkar inabi ta ce abin da duniya ta sha a 2024 shi ne mafi ƙaranci tun 1961. A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani ma'aunin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya. A sakamakon haka manyan gidajen abinci da dama sun fara jera wa baƙi abin sha marar barasa daidai da kowane kwano, kamar shayi da ruwan 'ya'yan itace, har ma da ruwan ɗanyen inabi mai tsami, wanda masu girkin Faransa ke zuba wa kifi tun ƙarnoni da dama da suka shige, kuma har gobe ana amfani da shi a girkin Iran da Lebanon.

Manoman da suka rage a sana'ar suna neman irin da zai riƙe tsaminsa cikin zafi. A shekara ta 2021 hukumar da ke kula da sunayen giya a Faransa ta amince manoman Bordeaux su gwada sababbin irin inabi guda 6, bisa sharaɗin kada su wuce kashi 5 cikin 100 na gona, ko kashi 10 cikin 100 na abin da ke cikin kwalba. Biyu daga cikinsu farare ne, kuma ɗaya shi ne Albariño ɗin nan da mutanen Galisiya ke sha a bakin teku.